Mine ne "huhun manomi"?

Sunan ne ma ke ruɗar mutane, don ba manomi kaɗai cutar ke kamawa ba. Ɗan dako mai sauke buhunnan masara a kasuwar Katako nan Yamai, mai injin niƙa, matar da ke wuni tana shiƙa, duk suna ciki. Wani likita ne mai suna Campbell ya bayyana ta a Ingila cikin 1932, wurin masu aikin ciyawar da ta yi funfuna, amma hatsi ma haka yake yi.

In an zuba hatsi rumbu ko magaza bai ida bushewa ba sai ya ɗau zafi daga ciki, duk wanda ya taɓa tura hannu cikin buhun da ruwa ya taɓa ya san ɗumin nan da warin nan. To a nan wasu ƙwayoyin cuta da funfuna ke hayayyafa, ƙurarsu ta fi gari laushi nesa ba kusa ba, sai ta wuce har can ƙasan huhu, jiki ya tashi faɗa da ita, huhu ya kumbura. Ba a ɗaukarta wurin wani.

Abin da ke tona ta shi ne lokaci. Mutum ya tashi aiki garau, bayan awa 4 zuwa 8 sai zazzaɓi da rawar ɗari da busasshen tari, numfashi sama-sama, kowa ya ce ai palu ne a sayo ƙwaya, ya kwanta kwana biyu ya miƙe, ranar da ya koma magaza abu ya dawo. In aka ɗau shekaru a haka huhu na yin tabo, kuma tabon ba ya gogewa.

Akwai wata cuta daban da ake ruɗa ta da wannan. Wanda ya taɓa yin tibi ya warke, wani sa'in akan bar mishi kogo cikin huhu, funfunar da ake kira Aspergillus ta shiga ta dunƙule kamar curin fura, ya riƙa tari da jini, a auna majina a ce babu tibi. Hoton ƙirji ke nuna wannan.

Shi ya sa in ka je likita, tun ba a tambaye ka ba ka ce aikin hatsi kake. Kuma rawanin da ake jawowa bisa hanci wallahi ƙaiƙayi kaɗai yake tarewa, ƙurar nan sai takunkumi na musamman mai tace ƙura mai laushi, irin wanda ake kira FFP2.