Wane Sinadari Ake Zubawa a Injin Lantarkin Zafin Ƙasa?

Me ya hana a yi amfani da ruwan zafin da ake haƙo rijiya a fitar daga ƙarƙashin ƙasa kai tsaye?

Ana yi, idan zafinsa ya haura digiri 180. Ƙasa da haka tururinsa ba ya da ƙarfin juya farfela, sai a bar ruwan cikin bututunsa ya dumama wani sinadari mai saurin tafasa, shi ya juya injin.

Wane sinadari ya fi kyau?

Babu. Don Allah a daina wannan tambayar.

Ruwan ɗumin Wikki na Yankari zai ba da wuta?

Digiri 31 ne fa. Je ka yi wanka. Ko tashar Chena ta Alaska, da ta yi suna a 2006 don aiki da ruwa mai ƙarancin zafi, nata ya kai kusan digiri 74, kuma ruwan sanyin can ne ya taimake ta.

Rijiyarmu tana ba da digiri 150. Aisobutan ko aisofentan?

To, nan ne aikin yake. Aisobutan yana tafasa a digiri 12 ƙasa da sifili, a irin wannan zafin kuma galibi ya fi tatso wuta. Sai dai matsinsa yana da yawa, dole bututu ya yi kauri, famfo kuma ya ci wani kaso na wutar. Aisofentan yana tafasa a digiri 28, matsinsa da sauƙi, amma da sanyi ya yi yawa matsin cikin na'urar sanyaya yana iya faɗuwa har iskar waje ta kutsa ciki. Ban da haka, da me za ku sanyaya? In da iska ce a wuri mai zafi, wutar za ta ragu da tsakar rana, ko wanne kuka zuba. Sannan a gwada ruwan tukuna: in silika (sinadarin yashi da ke narke a cikin ruwan) ta yi yawa, ba ku da ikon tatse zafinsa duka, za ta daskare ta toshe bututu. Ni dai na fi karkata ga aisobutan, amma ba zan sa hannu ba sai na ga sakamakon gwajin.

Ba sa kama wuta?

Suna kamawa, dangin iskar gas ɗin girki ne. Kwantar da hankalinka, tashar Olkariya ta uku a Kenya ta daɗe tana aiki da fentan, ɗan'uwan aisofentan.

R134a fa, iskar da ake zubawa a firji da na'urar sanyaya mota, tunda ba ya kama wuta?

Yana ɗumama duniya fiye da iskar kabon sau dubu da ɗoriya, yarjejeniyar Kigali ta 2016 kuma tana rage irinsa. Tashar da za ta yi shekara 30, ka ɗora ta a kan abin da ake janyewa daga kasuwa?

Amoniya da ruwa?

An gwada a Husabik ta ƙasar Aislan a 2000. Tsatsa ta cinye musu farfela.