Kananzir a Gorar Ruwa: Abin da Ya Kamata Iyaye Su Sani Kafin Yaro Ya Kai Baki

Daga lokacin da yaro ya fara rarrafe har ya kai shekara uku ko huɗu, duk abin da hannunsa ya kai gare shi sai ya kai shi baki. A wannan tsakanin ne aka fi kawo mana asibiti yaran da suka sha guba a cikin gida, kuma kananzir na sahun gaba a cikin abubuwan da suke sha. Ana sayo shi kaɗan-kaɗan a gorar ruwa ko kwalbar lemo, a ajiye a gindin risho ko bayan ƙofa, ga shi kuma garau yake kamar ruwa. Yaron da ƙishin bazara ya dama, wanda jiya aka ba shi lemo a irin wannan gorar, ba shi da yadda zai yi ya bambance.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, kananzir bai cika yin mummunar ɓarna a cikin ciki ba, huhu yake yi wa illa. Ruwa ne tsararo mai saurin bazuwa, saboda haka idan yaro ya ƙware wajen haɗiya, ko ya yi amai, ɗan abin da bai cika ƙaramin cokali ba yana iya zarcewa hanyar numfashi ya kumbura huhu. A nan ne taimakon da aka saba yi a gida yake zama cuta. Za ka ga an zura wa yaro yatsa a maƙogwaro don ya amayar, ko an danne shi an ɗura masa manja ko madara wai don a kashe dafin. Manja ba ya kashe dafin kananzir, madara ma haka. Abin da suke yi shi ne su tayar da zuciya, kananzir ɗin da ya riga ya sauka ciki ya sake hawowa ya sami hanyar shiga huhu, yaron kuma yana kuka yana fizge-fizge ana ɗura masa. Iyayen da ke yin haka ƙauna ce ta sa su, amma sau da yawa abin da ke kwantar da yaro a asibiti ɗurin ne, ba kurɓin da ya yi ba.

Abin da ya dace shi ne a cire masa rigar da ta jiƙe, a wanke masa jiki da ruwa da sabulu, kada a ba shi komai ta baki, sannan a tafi asibiti nan take ko da yana wasansa. Tari, numfashi sama-sama, zazzaɓi da yawan barci suna iya ɗaukar sa'o'i kafin su bayyana, shi ya sa ake riƙe yaro kimanin awa 6 ana lura da shi kafin a sallame shi.

Fiya-fiya ya fi kananzir haɗari nesa ba kusa ba. Sinadarin da ke cikinsa, wanda shi ne kuma a cikin Sniper, maganin ƙwarin gona ne, kuma yana shiga jiki ta baki, ta numfashi, har ma ta fata. A 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da Sniper a kantuna da kasuwanni, duk da haka har yau ana yayyafa irinsa a ɗakunan kwana saboda sauro da kuɗin cizo, a kan daɓen da jariri zai yi rarrafe da safe. Alamominsa sun haɗa da dalalar miyau, gumi, amai da gudawa, tsukewar ƙwayar ido, kakarin majina a ƙirji da jijjiga. Yana da makari a asibiti, allurar atirofin, amma sai an isa da wuri take amfani. Gidan da ke da ƙananan yara gidan sauro ya kamace shi, maganin gona kuma ya tsaya a rumbu ko shago a kulle.

Mata masu haɗa sabulu a gida su kula da soda, musamman wadda aka jiƙa aka bari a bokiti ko kofi. Kurɓi ɗaya yana ƙona baki da maƙogwaro, bayan makonni kuma hanyar abinci tana iya tsukewa har yaro ya kasa haɗiye ko da kunu. A nan ma amai ƙari ne ga ƙuna, domin sodar za ta sake bi ta inda ta ƙona.

Akwai kuma magungunan da muke bayarwa da hannunmu. Jajayen ƙwayoyin ƙarin jini da ake ba masu juna biyu wajen awo suna kama da alawa, kuma yaro ɗan shekara biyu da ya haɗiyi da yawa yana iya rasa ransa. Farasitamol kuwa yana da yaudara, domin yaron da ya shanye kwalba zai iya wuni lafiya lau, sai bayan kwana biyu ko uku hanta ta fara gazawa. Don haka a daina ce wa yaro magani alawa ne don a lallashe shi ya sha, a kuma daina barin magani a jakar hannu ko ƙarƙashin matashi.

Ajiya a sama ba ta isa ba ga yaron da ya iya jawo kujera ya hau. A bar kowane abu a mazubinsa na asali da murfinsa, a sa a akwati ko kabad mai kwaɗo, nesa da inda ake ajiye abinci, a kuma sanar da yayyen da ake bar wa reno. Idan tsautsayi ya faɗa, a ɗauki gorar ko kwalin a tafi da shi asibiti, a faɗi lokacin da abin ya faru da duk abin da aka riga aka ba yaron ba tare da ɓoyewa ba. Idan kuma jikinsa ya saki a hanya, a kwantar da shi a gefensa, kansa ya ɗan yi ƙasa, don kada amai ya koma masa huhu.