Safar Roba a Mariƙin Ƙaramar Bindiga: Tambayoyi da Amsoshi

Wanda ya taɓa riƙe fartanya da rana tsaka ya san yadda ƙota ke sulɓewa da zarar gumi ya jiƙa tafin hannu. Shi ya sa za ka ga manomi ya yanko tsohon tiyub ɗin keke ya naɗe ƙotar da shi. Masu ƙananan bindigogi a Amurka, inda doka ta ba farar hula damar mallakarsu, irin wannan matsalar ce ta dame su, har kamfanoni suka shiga ƙera musu wata roba da ake zura wa mariƙin bindiga kamar yadda ake zura safa a ƙafa. Abu ne mai araha, kusan kuɗin kwalin harsashi guda, kuma araharsa ce ke sa mutane ba sa ɗaukarsa da muhimmanci. Ni kuwa a ganina duk abin da zai shiga tsakanin hannun mutum da makami ba ƙarami ba ne.

Mece ce safar roba, kuma me ya kawo ta?

Zobe ce mai faɗi ta roba mai taushi, buɗe sama da ƙasa, wadda ake miƙarwa a zura ta daga gindin mariƙi har ta zauna a ƙarƙashin kariyar kunama. Ba a sa mata gam, ba a ɗaure ta da kusa. Matsewarta kaɗai ke riƙe ta. Wasu na da gurbin yatsu a gaba, wasu na da ɗan tudu a gefe don cika tafin hannu.

Asalinta yana da nasaba da sauyin da aka samu a ƙirar bindigogi. A da, fistol irin su Colt 1911 ko Browning Hi-Power jikinsu ƙarfe ne, mariƙinsu kuma ɓari biyu ne na katako ko roba da aka ɗaure da sukurori. In bai yi maka ba, sai ka kwance ka sa wani. Da sojojin Ostiriya suka karɓi Glock 17 a farkon shekarun 1980, sai ga bindigar da mariƙinta da jikinta abu ɗaya ne na roba mai tauri, an zuba shi lokaci guda, babu abin kwancewa. Sauran kamfanoni suka bi sahu. Wanda hannunsa bai dace da mariƙin ba, ba shi da dabara sai dai ya ƙara wani abu a kai. Nan safar ta samu kasuwa. Sunaye biyu ne suka fi fice: Hogue, wanda wani ɗan sandan Los Angeles mai suna Guy Hogue ya kafa a 1968, mai yin safar da ake kira Handall, sai kuma Pachmayr, wanda yanzu yake ƙarƙashin kamfanin Lyman.

Tana rage dukan da bindiga ke yi wa hannu?

Ƙarfin da ke turo bindiga baya idan harsashi ya fita yana nan yadda yake, roba ba ta rage shi. Abin da take yi shi ne ta baza shi a kan faɗin tafin hannu maimakon ya taru a wuri ɗaya, ta kuma hana bindigar motsi a cikin hannu tsakanin harbi da harbi. An fi jin bambancin a 'yan mitsitsin bindigogi irin Ruger LCP, wadda nauyinta bai kai giram 300 ba in babu harsashi a ciki. Bindiga mara nauyi ta fi zabura, ga mariƙinta siriri, yatsu biyu kawai ke samun wurin zama. A irin wannan, ɗan kaurin da safar ta ƙara yana sa mai harbi ya daina gyara riƙonsa bayan kowane harsashi. A babbar bindiga mai nauyi kuwa, amfanin bai kai haka ba.

To kowa zai amfana da ita ke nan?

A'a. Nan ne mutane da yawa ke yin kuskure. Safar ƙari take yi, ba ta ragi. Mai dogayen yatsu da mariƙi ya yi wa kaɗan zai ji daɗinta. Mai gajerun yatsu kuwa, wanda dama da ƙyar manuniyarsa ke kaiwa kan kunama, in ya ƙara kauri sai ya koma juya bindigar a hannunsa don yatsan ya kai. Da zarar ya yi haka, bututun ya bar layin damtsensa, dukan ya koma kan gaɓar babban yatsa, harsashi kuma ya riƙa kauce wa inda ya auna.

Gwajin mai sauƙi ne. Bayan an tabbatar babu harsashi, a riƙe bindigar yadda bayanta ya zauna a tsakiyar kwarin da ke tsakanin babban yatsa da manuniya. Tsokar gaɓar farko ta manuniya ta kwanta a kan kunama ba tare da an miƙe ta ba, kuma a ga ɗan haske tsakanin yatsan da jikin bindigar. In hasken nan ya ɓace bayan an sa safar, to ta yi maka yawa.

Sai batun gurbin yatsu. An zana shi ne a kan hannun da ba naka ba, kuma in tudun ya faɗo a tsakiyar yatsanka maimakon tsakanin yatsu biyu, ya fi rashinsa muni. Glock da kanta ta sa gurbin yatsu a zubinta na uku a ƙarshen shekarun 1990, sannan ta cire shi a zubi na biyar a 2017.

Yaya ake sa ta?

Kafin a taɓa robar ma, a fara da bindigar. A cire magazin tukuna, wato ɗan akwatin da ake jera harsasai a ciki a zura shi cikin mariƙi, sannan a ja saman bindigar baya a kulle shi, a leƙa gurbin harsashi da ido, a kuma taɓa da yatsa. Tsarin nan ba a juya shi: wanda ya fara jan sama kafin ya cire magazin, ya fitar da harsashi ɗaya ne ya ɗora wani. A kwashe harsasan a kai su wani ɗaki daban. Ina nanata wannan ne domin aikin sa safa aiki ne na kokawa. Hannu biyu suna ja, bindiga tana juyawa a kan cinya ko tebur, yatsu suna zamewa kusa da kunama, bakin bindigar yana kallon duk inda ya ga dama. Ya fi kyau a zare saman gaba ɗaya a yi aiki da mariƙin kaɗai. A tuna kuma cewa Glock da wasu irinta sai an danna kunama kafin samansu ya zare, don haka dubawar nan ta farko ita ce komai.

Daga nan a goge mariƙin da barasar goge ciwo, wato sifirit, don maiƙo ya fita. A ɗumama robar, ko dai a tsoma ta cikin ruwan zafin da hannu zai iya jurewa na 'yan mintoci, ko a hura mata na'urar busar da gashi. Kada a kai ta kusa da wuta ko garwashi. Roba mai sanyi tana da taurin kai, kuma ita ce ke tsagewa daga baki.

Don ta zame, a shafa ɗan ruwan sabulu ko ruwan goge gilashi ko sifirit a cikinta. Duk waɗannan suna bushewa su bar robar a manne. Man bindiga, man shafawa ko girish kuwa ba sa bushewa, za su bar ta tana yawo har abada, wasunsu ma suna cinye robar.

Yanzu a duba gaba da bayanta, a maƙala bakinta na sama a ƙasan mariƙin ta gefe ɗaya, a miƙa ta a kan ɗaya gefen. Wurin nan ne ya fi wuya, domin gindin mariƙi ya fi faɗi. In ta hau, sai a riƙa tura ta da manyan yatsu biyu, kaɗan a gaba, kaɗan a baya, kaɗan a gefe, kamar mai sa wa yaro matsattsen wando. Za ka ji tana ƙugi tana tafiya da ƙyar, bakinta yana son naɗewa ciki; ka ɗago shi da farce ka ci gaba. Kada a sa filaya ko sukundireba, ƙaramin yanka ɗaya ya isa ya zama tsaga bayan wata guda. In ta kai wurinta, a duba layin tsakiyarta ya yi daidai da tsakiyar mariƙi, a matse ruwan da ya rage, a bar ta ta kwana.

Idan ta yi tsawo fa?

Safar da aka yi don kowace irin bindiga sau da yawa takan zarce. A sa alama da biro tana jikin mariƙin, a cire ta, a yanke da almakashi mai kaifi. Kada a bi ta da reza tana kan bindiga.

Wane haɗari ke tattare da ita bayan an gama sawa?

Wannan ce tambayar da ta fi kowace nauyi, kuma wurare uku nake so a duba. Na farko maɓallin sakin magazin, wanda ke daf da inda bakin safar na sama yake tsayawa. In robar ta hau kansa, ko dai ya ƙi dannuwa, ko kuma ta riƙa danna shi kaɗan-kaɗan har magazin ya zame ƙasa ba a sani ba. Na biyu ƙofar magazin a gindin mariƙi. Roba da ta leƙo ko da ƙanƙani tana iya hana magazin faɗowa, ko ta shiga tsakani ta hana sabon zama daram, sai a ja kunama a ji shiru.

Na uku ya fi su duka. Wasu bindigogi, kamar 1911 da Springfield XD da Smith & Wesson Shield EZ, suna da makullin kariya a bayan mariƙi, wanda sai tafin hannu ya danna shi bindiga ke iya tashi. Safar da ta rufe wurin za ta danne shi dare da rana, wato ta kashe kariyar ke nan alhali mai bindigar yana zaton tana aiki. Irin waɗannan ba a sa musu safa ta gama-gari ko kaɗan. In za a sa, sai wadda aka ƙera musamman don wannan samfurin, mai buɗaɗɗen baya.

Kuma dubawa ɗaya ba ta isa ba, domin roba tana tafiya. Zafi yana sassauta ta, gumi yana shiga ƙarƙashinta, kowane harbi yana ɗan murɗa ta. Safar da ta zauna daidai yau tana iya hawa kan maɓalli bayan harsashi ɗari biyu. Don haka a gwada ta a filin atisaye kafin a dogara da ita, a kuma gwada ta cikin kuben bindigar, tunda kube mai maɗauri yana iya ƙin rufewa.

Tana lalata bindiga?

Mariƙin roba mai tauri ba ya damuwa. Na ƙarfe kuwa yana damuwa ƙwarai. Gumi gishiri ne, kuma in ya shiga ƙarƙashin safa ba ya samun iskar bushewa. Ka ɗage robar da ta yi watanni a kan tsohuwar bindiga mai jikin ƙarfe, sai ka tarar da danshi da ɓurɓushin ƙura sun zama laka, ga jan tsatsa ya zana layi daidai inda bakin robar ya tsaya, kawunan sukurori sun yi ja. Daga waje kuma bindigar tana ƙyalli. Maganinsa shi ne a riƙa cire ta lokaci-lokaci a goge a busar, musamman a wuri mai zafi da laima.

Ita kanta robar tana tsufa. Ruwan wanke bututu da rana suna sa ta yin danƙo ko ta saki. Da zarar ka iya juya ta da hannu ɗaya, ta gama aiki, a sauya.

Ga mai ɗaukar bindiga a ƙarƙashin riga akwai wani abu kuma: roba tana kama yadi. Riga takan maƙale a kanta ta tattare, wani lokaci ma ta biyo hannu.

Akwai abin da ya fi ta?

Ya danganta da abin da ke damunka. In sulɓi ne kawai, ba girma ba, tef mai kaushi irin na kamfanin Talon, wanda ake mannawa, ya fi dacewa, don kusan ba ya ƙara kauri kuma ba ya juyawa. In girma ne, a fara duba akwatin da bindigar ta zo a ciki: tun daga zubin Glock na huɗu a 2010 ana haɗo ɓallayen bayan mariƙi masu girma daban-daban, haka ma Smith & Wesson M&P. In bindigar mai ɓari biyu ce, sauya ɓarin ya fi. Akwai masu ƙona ɗigo-ɗigo a jikin mariƙin da ƙarfe mai zafi, amma wannan ba ya gyaruwa in an yi kuskure, kuma yana karya darajar bindigar. Tsohuwar dabarar yanka tiyub ɗin keke ma har yau wasu Amurkawa suna yinta, kuma duk gargaɗin da ya hau kan safar kamfani ya hau kanta. Fifikon safar a kan saura shi ne in ba ta yi ba, ka zare ta bindiga ta koma yadda take.

Mai shiga gasar harbi ya karanta ƙa'idar rukuninsa tukuna. Ƙungiyar gasar harbi ta duniya, IPSC, ta daɗe tana yarda da tef a rukunin bindigogin da ba a sauya musu ƙira ba, amma ta hana safar roba.

Wannan bayani ya shafi mai karatu a Najeriya?

Ya shafi kaɗan daga cikinsu. Dokar makamai ta 1959 ta sa fistol da libarba cikin jerin haramtattun makamai, waɗanda ba a mallakarsu sai da lasisin shugaban ƙasa, kuma hukuncin riƙe su ba izini ɗauri ne na shekara goma zuwa sama. Saboda haka masu riƙe su bisa doka galibi jami'an tsaro ne. Shi kuma jami'i, bindigar da ke ƙugunsa ta hukuma ce, ya sa hannu ne ya karɓa, gobe wani ne zai riƙe ta, mai yiwuwa da hannun da bai kai nasa girma ba. Kafin ya ƙara mata komai, ko da robar tiyub ce, ya kai ta wurin jami'in da ke kula da ma'ajiyar makamai ya nemi izini, a duba maɓallin magazin da makullin kariya a gabansa.