Waiwaye: Yadda Rigimar 'Yancin Addini Ta Shiga Kasuwa a Amurka

Duk lokacin da wata jiha a Amurka ta ɗauko ƙudurin dokar kare 'yancin addini, ba a jimawa muhawarar take barin coci da masallaci ta koma bakin shago. Haka aka yi a Indiyana a 2015. Haka aka yi a Jojiya, inda aka kwashe kusan shekara goma ana ja-in-ja kafin a sa wa dokar hannu a Afrilun 2025. Tambayar ba ta canzawa: mai yin kek ɗin biki, ko mai ɗaukar hoto, ko mai sayar da furanni, yana da ikon ya ce wa maza biyu ko mata biyu masu shirin aure ba zai yi musu aiki ba saboda addininsa? Masu goyon bayan dokar suna cewa garkuwa ce ga mai imani. Masu adawa suna kiranta lasisin nuna wariya.

Wanda ya tsinci labarin a kanun jaridu zai ɗauka wutar ta kama ne ranar 26 ga Yunin 2015, da Kotun Ƙoli ta halatta auren jinsi a faɗin ƙasar. Amma ruwa ba ya tsami banza. An yi wannan gardama tun babu ƙasa ko ɗaya a duniya da ke ɗaura irin wannan aure, kuma a kan gidan haya aka yi ta.

Na san matsayin mafi yawan masu karanta wannan a kan auren jinsi, Musulmi da Kirista, kuma ba shi na zo tattaunawa ba. Abin da ya sa batun yake ci mini rai shi ne, dokokin nan biyu da ake gwara kansu, ta hana wariya da ta 'yancin addini, duka suna rufa wa 'yan'uwanmu mazauna can asiri. Ɗaya ce ta hana a kori mai hijabi daga gidan abinci. Ɗayar kuma ita take tsaya wa masallaci idan aka hana shi fili.

Farkon labarin sananne ne. Dokar haƙƙin ɗan ƙasa ta 1964 ta haramta wa otal, gidan abinci da gidan sinima su kori mutum saboda launin fata, addini ko ƙasar asalinsa. Ba ta ambaci masu neman jinsinsu ba, har yau kuma ba a saka su a wannan sashe ba. Jihohi ne, sama da ashirin, suka saka su a nasu dokokin, Wiskonsin ce ta fara a 1982. A 1968 wani mai gidajen sayar da gasasshen nama a Karolina ta Kudu ya ce addininsa ya hana shi haɗa baƙi da farare a teburi, Kotun Ƙoli ta yi watsi da hujjar. A ɗaya ɓangaren, tun 1963 kotun ta kafa ma'auni a shari'ar wata mata da ta ƙi aikin ranar Asabar saboda ibada: kafin gwamnati ta takura wa addinin mutum, sai ta kawo dalili mai ƙarfin gaske. A 1990 ma'aunin ya sauya, a shari'ar wasu mutum biyu a Oregon da aka kora daga aiki don sun ci peyote, wani tsiro mai sa maye da ake ci a ibadar 'yan asalin ƙasar, aka kuma hana su kuɗin tallafin rashin aiki. Kotu ta ce idan doka ta hau kan kowa ba tare da ta nufi wani addini ba, mai ibada ma sai ya bi ta.

Hankalin masu addini ya tashi, musamman ƙananan addinai waɗanda ba su da yawan ƙuri'a. Ƙungiyoyi sama da sittin suka haɗa kai, masu ra'ayin riƙau da masu sassauci, waɗanda a kan wasu batutuwan ko ga maciji ba sa yi. Suka samo dokar maido da 'yancin addini da ake kira RFRA, wadda ta dawo da tsohon ma'auni. Majalisar Dattawa ta amince da ita da ƙuri'a 97, uku kacal suka ƙi, Shugaba Bill Clinton ya sa hannu a Nuwamban 1993. A 1997, a shari'ar wani cocin Katolika a garin Boerne na Teksas da aka hana faɗaɗa gininsa, Kotun Ƙoli ta ce dokar tana aiki a kan gwamnatin tarayya kawai, ba ta hau kan jihohi ba.

Daga nan mafi yawan masu ba da labarin sukan yi tsalle su dira a 2014. A nan ne kuwa gizo ke saƙar.

A garin Chico na Kalifoniya akwai wata dattijuwa da mijinta ya rasu ya bar ta da 'yan gidajen haya, da su take rufa wa kanta asiri. Kirista ce mai riƙo da addini. A 1987 wani saurayi da budurwarsa suka zo neman haya, da farko suka ce mata su ma'aurata ne. Kafin su tare suka faɗa mata gaskiya, ita kuwa ta mayar musu da kuɗin kafin alƙalaminsu. Dokar jihar ta hana mai gida ya bambanta masu haya saboda aure ko rashinsa, sai magana ta tafi gaban hukuma. Abin da ta faɗa yana cikin kundin shari'ar: ta yi imani idan ta bari ana zaman da ba aure a gidanta, Allah zai tambaye ta, kuma ba za ta sadu da mijinta a lahira ba. Duk wanda ya taɓa yawon neman ɗaki a Kano ko Zariya yana gwauro ya san tambayar nan ta "Ina iyalinka?", ya kuma san mai gidan ba lallai mugunta ce ta sa shi yinta ba. Ya san kuma zafin tsayuwa a ƙofar gida da kuɗinka a hannu ana ce maka a'a.

Shari'ar ta ɗauki shekara tara. A 1996 Kotun Ƙolin Kalifoniya ta yanke hukunci dattijuwar ba ta yi nasara ba, duk da ta kafa hujja da RFRA. Alƙalan da suka rubuta babban ra'ayi suka ce addininta bai wajabta mata sana'ar ba da haya ba, tana iya sayar da gidajen ta juya kuɗin a wata harka, sannan idan aka ɗauke mata dokar, masu hayar ne za su biya kuɗin ibadarta. A Alaska ma kotun jihar ta yanke irin wannan a 1994. Amma a Janairun 1999 wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta ba wasu masu gidajen haya a Anchorage gaskiya a kan daidai wannan batu. An soke hukuncin a shekarar da ta biyo, sai dai kafin nan ya riga ya yi aikinsa a zukatan mutane.

Dalili kuwa, a daidai lokacin ne waccan haɗakar ƙungiyoyi take ƙoƙarin ɗinke ɓarakar 1997 da wani sabon ƙuduri da zai sake ɗaure jihohi. Sai lauyoyin kare haƙƙin ɗan ƙasa suka zauna suka yi lissafi. Idan mai gida zai iya cewa addini ya hana shi ba marasa aure haya, me zai hana gobe ya faɗi haka a kan maza biyu, ko a kan matar da ta haihu ba miji? Kotuna sun riga sun amince cewa yaƙi da wariyar launin fata dalili ne mai ƙarfin gaske, don haka baƙar fata ba shi da fargaba. Amma dokokin da suka kare masu neman jinsinsu sababbi ne, na jihohi ne da birane, ba wanda ya san ko za su iya ɗaukar nauyin wannan ma'auni. ACLU, ƙungiyar kare haƙƙin ɗan ƙasa wadda da ita aka yi fafutukar 1993, ta janye goyon bayanta sai an gyara ƙudurin.

Masu addini su ma suna da nasu lissafin, kuma ba na wasa ba ne. Ƙarfin haɗakar tun farko yana kan alkawari ɗaya: ma'auni guda ga kowa, ba a ware kowa ba. Suna ganin idan aka buɗe ƙofar keɓewa sau ɗaya, masu kula da kurkuku za su zo da tasu, masu tsara birane su zo da tasu, a wayi gari dokar ta zama rariya. Kuma suna tambaya: dattijuwar Chico fa? Ita ba ƙaramin mutum ba ce a gaban hukuma?

An kawo gyara a Majalisar Wakilai wanda, a ganina, shi ne mafi kusa da sulhu da aka taɓa ajiyewa a kan teburi. Ya ce ƙungiyoyin addini, ƙananan masu gidajen haya da masu 'yan ƙananan sana'o'i za su iya kare kansu da dokar idan aka tuhume su da wariya, amma manyan kamfanoni ba za su iya ba. Gyaran ya faɗi. A Yulin 1999 majalisar ta amince da ƙudurin yadda yake da ƙuri'a 306, masu adawa 118. A lura da wannan 118 ɗin. Shekara shida kafin nan, a wannan zaure, ko ƙirga ƙuri'a ba a yi ba saboda babu mai ja. Da ƙudurin ya isa Majalisar Dattawa sai ya kwanta, bai ƙara tashi ba.

Mafitar da aka samu ita ce a yanke ɓangaren da ake rigima a kansa a ajiye gefe. A Satumban 2000 aka sa hannu a wata doka mai ƙunci, RLUIPA, wadda ta tsaya kan abu biyu da kowa ya yarda da su: filayen gina wuraren ibada, da ibadar waɗanda ke tsare. Ta wuce majalisun biyu ba hamayya. Doka ce mai albarka, ban raina ta ba. Da ita aka buɗe masallacin Murfreesboro a Tenesi a 2012. Da ita wani fursuna Musulmi a Arkansas, wanda ya rubuta ƙorafinsa da hannu ya aika Kotun Ƙoli, ya samu izinin barin gemu mai tsawon rabin inci a 2015, alƙalai tara duka suka goya masa baya. Ɗaya daga cikinsu, Ruth Bader Ginsburg, ta ƙara 'yan layuka inda ta ce ta yarda ne saboda gemun nasa ba zai cutar da wani da ba addininsu ɗaya ba.

A nan nake ganin tushen matsalar yake. Waɗanda suka rubuta dokar 1993 kowannensu yana hango mutum biyu ne: gwamnati mai ƙarfi, da mai ibada mara ƙarfi. A kasuwa kuwa mutum uku ne, akwai wanda ke tsaye a gaban kanta. A 1999 kowa ya ga wannan mutum na uku da idonsa, aka tattauna a kansa, aka kasa daidaitawa, aka bar wa jihohi da kotuna. An kashe maciji ba a sare kansa ba. Ba kuma don abin ya gagari ɗan Adam ba ne, domin a wannan shekarar ta 1999 Teksas ta yi tata dokar, ta saka sakin layi da ya ce ba za a yi amfani da ita a matsayin kariya daga dokokin haƙƙin ɗan ƙasa ba, in ban da ƙungiyoyin addini a harkokinsu. George W. Bush ne gwamna a lokacin, shi ya sa mata hannu.

Abin da ya biyo baya girbin wancan ne. Holan ta fara ɗaura auren jinsi a 2001, jihar Masachusets a 2004. A 2006 wata mai ɗaukar hoto a Niyu Meksiko ta ƙi ɗaukar bikin wasu mata biyu, kuma a 2013 kotun jihar ta ce dokar 'yancin addini ta jihar ba ta aiki idan rigima tsakanin mutum da mutum ce, babu gwamnati a ciki. Wannan ya sa sababbin ƙudurori suka fara zuwa da kalmomin da ke toshe wannan kafa. Na Arizona gwamna ta ƙi sa masa hannu a 2014. A shekarar ce Kotun Ƙoli ta ce kamfanin da ke hannun iyali ko mutane ƙalilan yana iya fakewa da RFRA. Na Indiyana ya zama doka a ƙarshen Maris 2015, ƙasa ta ɗauki zafi, cikin mako guda aka yi masa gyaran da ya ce ba ya ba kowa izinin hana wani ciniki, aiki ko gida. Kusan maganar 1999 ce aka dawo da ita, sai dai wannan karon cikin hayaniya da barazanar ƙaurace wa jihar.

Wani abin da ba a cika faɗa ba: shari'o'i biyu mafi shahara a wannan fage ba da RFRA aka yanke su ba, domin Kolorado, inda duka suka fito, ba ta da irin wannan doka. A ta mai kek, wanda a 2012 ya ce wa wasu maza biyu zai sayar musu da kek ɗin zagayowar ranar haihuwa da biskit amma ba zai yi musu na aure ba, Kotun Ƙoli ta ba shi nasara a 2018 a kan yadda aka saurari ƙararsa, ta bar ainihin tambayar a buɗe. A ta mai tsara shafukan intanet, a 2023, alƙalai shida cikin tara suka ce ba za a tilasta wa mutum ya ƙirƙiri saƙon da bai yarda da shi ba, suka dogara da 'yancin faɗar albarkacin baki. Ina iyakar abin da za a kira saƙo? Kek mai rubutu, hoto, jeren furanni, ɗinkin rigar amarya, hayar zauren biki? Ƙananan kotuna na ta fama da wannan ɗaya bayan ɗaya.

Zuwa 2025 jihohin da ke da irin dokar RFRA sun kai wajen talatin. A Jojiya, a 2025, masu adawa sun nemi a ƙara sakin layin da zai ce ba za a yi amfani da dokar wajen nuna wariya ba. Masu ƙudurin suka ce babu buƙata, domin rubutun nasu kusan kwafin na tarayya ne na 1993, wanda aka amince da shi da ƙuri'a 97. Ba a saka sakin layin ba.