Daga danna “aika” zuwa bayyana a shafi: yadda manhajar sarrafa shafi ke tafiyar da sharhin masu karatu

Da zarar mutum ya danna “aika”, ina sharhin yake zuwa?

Ba shafin yake hawa kai tsaye ba. Burauza tana miƙa abin da aka cike ga sabar, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafin, ita kuma manhajar ta soma bincike. A WordPress, ɗaya daga cikin manhajojin sarrafa shafi, fayil ɗin wp-comments-post.php ne ke karɓa. Zai duba ko rubutun da ake yi wa sharhi yana nan, ko ƙofar sharhinsa a buɗe take, ko an sa suna da imel idan an wajabta su. In komai ya yi daidai, sai a rubuta layi ɗaya a teburin wp_comments na rumbun bayanai: suna, imel, adireshin IP (lambar da ake gane na'ura da ita a intanet), lokaci, nau'in burauza, lambar rubutun, da sharhin kansa. Akwai kuma gurbin da ke nuna matsayinsa: 0 yana jiran amincewa, 1 an amince, ko spam (sharhin bogi), ko trash (kwandon shara). Mai karatu ba ya ganin na wasu sai masu lamba 1.

Wa ke yanke hukuncin wanda zai jira da wanda zai wuce?

Saituna ne, kuma bi da bi ake duba su. Idan mutum ɗaya ya sake turo kalmomi iri ɗaya a ƙarƙashin rubutu ɗaya, za a ƙi karɓa. Idan sharhi biyu suka fito daga IP ko imel ɗaya cikin ƙasa da daƙiƙa 15, na biyun ba zai shiga ba. Sharhin da ke ɗauke da mahaɗi (link) 2 ko fiye a riƙe shi, domin masu tallan bogi da mahaɗai suke zuwa. Sabon shiga kan jira a amince masa sau ɗaya, daga nan sunansa da imel ɗinsa su zama fasfo.

Akwai jerin kalmomi guda biyu, kuma nan ne masu kula da shafi suka fi yin ɓarna. Na farko yana tura sharhi layin jira, na biyu kwandon shara. Manhajar ba ta neman cikakkiyar kalma a jerin shara, guntun haruffa ma ya isa. Wanda ya haramta “kai”, ya haramta “kaifi” da “takaici” da duk kalmar da haruffan suka faɗo a cikinta a jere. Gajeriyar kalma ba ta da wurin zama a wannan jeri. Abin da ya faɗa kwandon kuwa, bayan kwana 30 ake share shi gaba ɗaya.

To Akismet fa?

Hidimar tace sharhin spam ce ta kamfanin Automattic da ta fara aiki a 2005. Tana aika bayanan sharhin zuwa sabobinta, ta kwatanta da abin da ta gani a wasu shafuka, ta dawo da hukunci. Tana kuskure, don haka a riƙa leƙa akwatin spam, domin tana goge abin da ya wuce kwana 15 a ciki. Kuma tun da imel da IP na mutane suna fita waje, ya kamata a faɗi haka a bayanin tsare sirri na shafin.

Mugu zai iya cutar da shafi ta akwatin sharhi?

Ƙwarai, shi ya sa manhajar kirki ba ta yarda da harafi ko ɗaya da baƙo ya rubuta. Hari iri biyu aka fi sani. Na ɗaya, a cusa umarnin JavaScript, harshen da burauza ke aiwatarwa, cikin sharhi. In aka nuna shi yadda ya zo, zai yi aiki a burauzar duk wanda ya buɗe shafin, har da mai kula da shi, ta nan a ƙwace iko. Maganinsa tacewa: WordPress yana barin alamomin HTML (na tsara rubutu a shafi) kaɗan, irin na kaurara rubutu, karkata shi da saka mahaɗi, ya cire sauran. Na biyu, a cusa umarnin SQL, harshen da ake ba rumbun bayanai umarni da shi, don a yaudari rumbun. Maganinsa a raba umarni da bayanin da aka shigar tun kafin a miƙa wa rumbun. Galibi ɓarakar daga ƙarin manhaja (plugin) ko jigon fasalin shafi (theme) da ya tsallake waɗannan matakai take fitowa. Mahaɗan cikin sharhi kuma ana liƙa musu alamar nofollow da ugc, don injinan bincike su san ba mai shafin ne ya tsaya musu ba.

Yaya amsa ke zama a ƙarƙashin wanda aka amsa wa?

Kowane sharhi yana riƙe da lambar wanda yake amsawa. In babu, 0. Da wannan ake jera su hawa-hawa. Saitin asali hawa 5 ne, iyaka 10. A waya, fiye da 3 sai rubutu ya matse a gefe.

An amince da sharhi amma bai fito ba. Me ya faru?

A fara zargin ajiyayyen kwafi. Domin sauri, shafuka da yawa suna ba baƙi kwafin da aka adana tun da farko. In ba a sabunta shi bayan amincewa ba, tsohon za a ci gaba da gani. A goge kwafin, a sake lodawa.

Wata matsalar ta fi ɓoyewa. Idan shafin yana bayan wata hidima irin Cloudflare, mai tsayawa tsakanin baƙo da sabar, kuma ba a saita sabar ta karanta ainihin IP na baƙo ba, mutane daban-daban za su bayyana da adireshi ɗaya. Sai dokar daƙiƙa 15 ta hau kan waɗanda ba su ji ba ba su gani ba, kuma toshe IP ɗaya ya rufe wa jama'a da yawa ƙofa. In kuma sanarwar imel ce ba ta zuwa, yawanci sabar ce ba ta da izinin aika wasiƙa da sunan shafin. A haɗa ta da hidimar aika imel ta SMTP.

Duk manhajoji haka suke?

Ginshiƙin ɗaya ne, kayan aikin ne suka bambanta. Drupal yana zuwa da sashen sharhi, inda ake ba wasu rukunin masu amfani izinin tsallake layin jira. Joomla ba ta zuwa da shi, sai an girka ƙari. Masu amfani da Disqus kuwa, wato hidimar sharhi ta waje da ake liƙa wa shafi, sharhinsu yana zaune a sabobin kamfanin ne, don haka kafin a bar hidimar sai an fitar da kwafin bayanan tukuna.