Haɗa fayawol a ofis: tambayoyin da aka fi yi min

Wai shi wannan akwatin meye aikinsa?

Fayawol mai gadin ƙofa ne tsakanin intanet da kwamfutocinka, duk abin da zai shigo ko zai fita sai ya bi ta cikinsa an duba. Zan yi misali da FortiGate 40F na kamfanin Fortinet, ɗan ƙaramin da ake sawa a ƙananan ofisoshi.

Wane kebul zai shiga ina?

Juya bayansa. Ramin da aka rubuta WAN shi ke karɓar kebul ɗin da ya fito daga rawutar kamfanin intanet ɗinka (na'urar da ke kawo maka intanet), masu lamba 1, 2, 3 kuma na cikin gida ne, nan za ka jona kwamfuta ko suwici, wato akwatin da ke raba kebul ga kwamfutoci da yawa. Kuskuren da nake yawan gani shi ne mutum ya jona fayawol tsaf amma ya bar wayifai ɗin tsohuwar rawutar a kunne kowa na hawa, toh ka ga an zagaye mai gadi an shigo ta katanga kenan. Kashe wayifai ɗin.

Ta ya zan shiga ciki in saita?

Jona laftof a rami na 1, buɗe burauza ka rubuta https://192.168.1.99. Zai yi maka gargaɗin satifiket, ka wuce kawai. Suna admin, wajen fasawod ka bar shi fayau, yana buɗewa zai ce ka sa sabo. Don Allah sa mai ƙarfi, ba sunan ofis da 123 ba.

Na haɗa komai, fitilu na ci, amma babu intanet?

Yawwa, nan ne wajen da ake shan wahala. FortiGate yana zuwa da adireshin 192.168.1.x a ɓangaren cikin gida, su kuma rawutoci da yawa, har da ta Starlink, 192.168.1.1 suke amfani da shi, sai ya zama waje da ciki unguwarsu ɗaya, akwatin ya rasa inda zai tura saƙo. Na taɓa samun wani ofis sun wuni suna canza kebul har ana cewa jabu aka sayar musu, alhali wannan ne kawai. Canza na cikin gida ya koma kamar 192.168.10.1, ka gyara DHCP, wato abin da ke raba wa kwamfutoci adireshi, ya bi sabon. Ko ka sa rawutar a yanayin gada, wato ta riƙa miƙa intanet kai tsaye ga fayawol, a manhajar Starlink Bypass suke kiransa. In har yanzu shiru, duba a cikin fayawol ko akwai dokar da ta bar LAN, wato ɓangaren cikin gida, ya fita ta WAN da NAT (mai sauya adireshin gida zuwa na waje) a kunne, don abin da ba a ba shi izini ba hana shi yake.

Shikenan na gama?

Ina! Yi masa rajista a FortiCloud, shafin kamfanin Fortinet, ka tabbatar lasisin FortiGuard, hidimar tsaro ta kamfanin, na aiki don da shi yake samun bayanan sabbin ƙwayoyin cutar kwamfuta. Sabunta manhajarsa, kuma wallahi kar ka bar shafin admin a buɗe ta WAN, masu kutse dare da rana suke laluben irinsa.

Maganar wuta fa?

Sa fayawol ɗin a UPS, na'urar batir mai riƙe wuta in an ɗauke, musamman lokacin sabuntawa, in aka ɗauke wuta ana tsaka da ita zai iya ƙin tashi. Da ka gama saiti ka sauke kwafinsa ka ajiye a filashi, ka rubuta kwanan wata a jikin fayil ɗin.