Babi na 42: Sabunta Dokar Yanka Filaye a Birnin Houston

Babi na 42 sashe ne na kundin dokokin birnin Houston da ke jihar Texas ta ƙasar Amurka, kuma shi ne ke tsara yadda za a raba babban fili zuwa fulotai, da mafi ƙanƙantar girman da fuloti zai iya kasancewa, da faɗin tituna, da tazarar da za a bari tsakanin gini da bakin hanya. An yi wa babin manyan gyare-gyare a ƙarshen shekarun 1990, da 2013, da kuma 2023. Gyaran farko ne ya fi shahara a wajen masana tsara birane, domin shi ne ya rage mafi ƙanƙantar girman filin gida daga murabba'in ƙafa 5,000 zuwa 1,400 a tsakiyar birnin.

Asali

Houston, wanda ƙidayar 2020 ta nuna yana da mutane kimanin miliyan 2.3 kuma shi ne na huɗu a yawan jama'a a Amurka, tun farkonsa a kan cinikin filaye aka gina shi. A shekarar 1836 wasu 'yan'uwa biyu, Augustus Allen da John Kirby Allen, suka sayi ƙasa a gefen rafin Buffalo Bayou, suka sa aka auna ta aka zana taswirar gari, sannan suka shiga tallar fulotai tun kafin a yi wani gini na kirki a wurin. Sunan Sam Houston, jagoran sojojin Texas na lokacin, suka raɗa wa garin.

A farkon ƙarni na 20 biranen Amurka suka ɗauki hanyoyi biyu na sarrafa gine-gine. Ɗaya ita ce dokar keɓe shiyyoyi, wadda ke cewa nan gidajen kwana kawai za a gina, can masana'antu, can kuma shaguna. Ɗayar ita ce dokar yanka filaye, wadda ba ruwanta da abin da za a yi da gini. Abin da ta sa a gaba shi ne yadda aka raba ƙasar, da ko kowane fuloti yana da hanya da ruwa da magudana. Ma'aikatar Kasuwanci ta tarayya ta fitar da samfurin dokar tsara birane a 1928, kuma jihohi da dama sun yi koyi da shi wajen bai wa hukumomin tsara birane ikon duba taswirar fulotai kafin a yi mata rajista.

Kusan dukkan manyan biranen ƙasar sun haɗa hanyoyin biyu, amma Houston ya tsaya a kan ta biyu kaɗai. Sau uku ana kai batun keɓe shiyyoyi gaban masu jefa ƙuri'a, a 1948 da 1962 da 1993, kuma duk sau ukun suna yin watsi da shi, ko da yake a karo na ƙarshe rinjayen bai taka kara ya karya ba. Abin da ya cike giɓin a unguwanni da yawa shi ne sharuɗɗan da mai yanka fili kan rubuta a cikin takardun mallaka, misali cewa ba za a buɗe shago a layin ba, ko ba za a raba fuloti gida biyu ba. Tun daga 1965 majalisar dokokin Texas ta bai wa birnin ikon shiga kotu don tilasta bin waɗannan sharuɗɗa. Sai dai sharuɗɗan kan ƙare wa'adinsu, wasu tsofaffin unguwanni kuma ba su taɓa samunsu ba. Wannan ne ya sa dokar yanka filaye ta ɗauki nauyin da a wasu birane dokoki biyu ke raba wa juna.

Galibi ana danganta cikakkiyar dokar raya filaye ta farko a birnin da shekarar 1982, zamanin magajiyar gari Kathy Whitmire. Ƙa'idar da aka daɗe a kanta ita ce filin gidan iyali guda kada ya gaza murabba'in ƙafa 5,000, wato daidai da fuloti mai ƙafa 50 da 100 da aka saba da shi a arewacin Najeriya, ko kuma murabba'in mita kusan 465.

Gyaran 1998 zuwa 1999

A shekarun 1990, bayan birnin ya farfaɗo daga karyewar farashin man fetur da ta durƙusar da shi a shekarun 1980, mutane suka soma komawa unguwannin da ke cikin babbar hanyar zobe mai lamba 610. Ƙasa ta yi tsada a wurin, har ta kai a wasu layuka kuɗin filin ya fi na tsohon gidan katakon da ke kansa. Magina sun ga cewa mafita ita ce a raba fuloti guda a gina gidaje biyu ko uku, amma sau da yawa doka ba ta yarda ba sai an nemi sassauci na musamman daga Hukumar Tsara Birni, fili bayan fili.

Gyaran da ya biyo baya, a zamanin magajin gari Lee Brown, wasu kan ce na 1998 ne, wasu kuma 1999, gwargwadon matakin aikin da kowa ya ɗauka a matsayin mafari. Ya raba birnin gida biyu: cikin hanyar zobe aka kira yankin birni, wajenta kuma yankin bayan gari. A cikin zoben, an sauke ƙa'idar zuwa murabba'in ƙafa 3,500, kuma mai fili na iya gangarawa har 1,400, kimanin murabba'in mita 130, muddin ya cika wasu sharuɗɗa. Ko dai ya ware wani sarari na bai ɗaya a madadin abin da ya rage, ko kuma ya tabbatar gini bai rufe fiye da kashi 60 cikin ɗari na fuloti ba, ya bar wani ɓangare da ruwan sama zai iya nutsewa, kuma yawan gidaje bai wuce 27 a kowace eka ba. An kuma sassauta tazarar gini daga bakin titi a ƙananan layuka, aka amince gidaje da dama su yi tarayya a kan hanyar shiga mota guda.

Abin da ya sa gyaran ya ɗore, a ganin masu bincike irin su Nolan Gray da Adam Millsap, shi ne ƙofar fita da aka bar wa masu adawa. Daga farkon shekarun 2000, mazauna layi na iya haɗa kai su nemi a ƙayyade musu nasu mafi ƙanƙantar girman fili, wanda ake lissafawa daga girman da yawancin fulotan layin suke da shi, don hana a daddatsa su. Da haka masu gidajen da suka fi ƙarfin murya suka samu abin da suke so a layinsu, suka daina yaƙar dokar a sauran birnin. Dabara ce ta siyasa fiye da ta tsara gari, amma ta yi aiki.

Sakamakon a bayyane yake a unguwanni irin su Rice Military da Montrose da Cottage Grove da sassan Heights, inda dogayen gidaje sirara, yawanci masu hawa uku da garejin mota a ƙasa, suka maye gurbin tsofaffin gidaje da ɗakunan ajiyar kaya. An gina dubun-dubatar irinsu tun daga lokacin.

Gyaran 2013

A 2013, ƙarƙashin magajiyar gari Annise Parker, majalisar birni ta faɗaɗa ƙa'idar ƙananan fulotai zuwa sauran yankunan birnin da ke da bututun ruwan ƙazanta, aka aiwatar da ita mataki-mataki. A lokaci guda aka ƙarfafa ƙofar fitar, ta yadda unguwa sukutum, ba layi guda kawai ba, za ta iya neman kariya idan aƙalla kashi 55 cikin ɗari na masu filaye suka goyi baya. An ɗauki shekaru ana tattaunawa tsakanin ƙungiyoyin magina da na unguwanni kafin a kai ga wannan matsaya.

Gyaran 2023

A ƙarshen wa'adin magajin gari Sylvester Turner aka amince da wani gyaran, wanda ya sauƙaƙa gina ƙananan gidaje kewaye da tsakar gida guda, da ƙaramin gida na biyu a bayan babba, ya kuma taƙaita ƙofofin gareji masu fuskantar titi a kan siraran fulotai.

Yadda ake amincewa da taswira

Ikon birnin ya samo asali ne daga Babi na 212 na dokar ƙananan hukumomi ta Texas. Mai fili kan miƙa taswirar rabon ga sashen tsara birni, Hukumar Tsara Birni ta duba, kuma doka ta ba ta kwana 30 ta yanke hukunci, in ba haka ba a ɗauka ta amince. Idan taswira ta cika duk ƙa'idoji, hukumar ba ta da ikon ƙin ta don kawai maƙwabta ba sa so. Ikon duba taswira ya kai har mil 5 a wajen iyakar birnin.

Saɓanin ra'ayi

Masu goyon baya na cewa ƙananan fulotai sun sa mallakar gida kusa da tsakiyar birni ta fi sauƙi idan aka kwatanta da sauran manyan biranen Amurka. Masu suka na kokawa da cunkoson motoci a gefen titi, da sare bishiyoyi, da ƙarin ruwan da ke kwarara cikin magudanai, da tashin harajin gida a tsofaffin unguwannin baƙar fata da 'yan asalin Latin Amurka. Batun ambaliya ya ƙara zafi bayan guguwar Harvey ta 2017, sai dai gyaran da aka yi a 2018 kan ɗaga harsashin gini a wuraren da ruwa ke ci yana cikin Babi na 19 ne, ba na 42 ba.

A 2025 majalisar dokokin Texas ta zartar da dokar da ta hana manyan biranen jihar neman fiye da murabba'in ƙafa 3,000 ga fuloti a sababbin unguwannin da ake yankawa a kan eka 5 ko fiye.